Jawabi Kan Kurajen Kunzugun Jarirai

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, a matsayina na ungozoma zan yi magana a kan kurajen da kunzugu kan jawo wa jarirai.

Tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, ruwan sama ya fi na arewacin Kano yawa. Da damina nafkin ba ya saurin bushewa, sai uwa ta ɗaura shi da danshi. Idan fitsari da kashi suka daɗe a jikin yaro, fata kan yi ja ta saɓe, musamman in yana gudawa. Ya fi damun 'yan wata 9 zuwa 12.

A canza kunzugu da zarar ya jiƙe. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane ba tare da gogewa ba, a bar wurin ya sha iska. Sannan a shafa basilin ko farin man nan mai sinadarin zink da kauri, don ya kare fata daga lema. A guji hoda, domin yaro kan shaƙe ta. Man bilicin kuwa ɓata fata yake yi.

In aka kwana 3 babu sauƙi, ko jan ya shiga matsematsi, ko aka ga ruwa ko zazzaɓi, a garzaya asibiti. Iyaye maza, sayen sabulu da mai naku ne.

Allah Ya raya mana zuri'a.