Luksamburg da Nijar a Kan Sikeli Ɗaya



Duk shekara Bankin Duniya kan fitar da wani jadawali da ke tayar wa da yawa daga cikinmu hankali. Lissafinsa mai sauƙi ne: a tara darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, kaya da ayyuka, a raba da yawan mutanenta. Kusa da saman jadawalin za ku tarar da Luksamburg, 'yar ƙasar da ke tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam, mai faɗin murabba'in kilomita 2,586, wadda mutanenta ba su kai 700,000 ba. Rabon mutum ɗaya a can ya haura dala 120,000. Can ƙasa kuma ga Nijar, mai mutum fiye da miliyan 25, rabon bai kai dala 1,000 ba. Roƙona yau shi ne mu yi wa alkaluman nan tambayoyi uku kafin mu yanke hukunci.

Ta farko, su wa aka ƙirga? Ku tsaya a tashar jirgin ƙasa ta birnin Luksamburg da sassafe. Jirage na shigowa maƙil daga Metz da Thionville na Faransa, daga Arlon ta Beljiyam, daga Trier ta Jamus. Ma'aikata sama da 200,000 ne ke tsallako iyaka su yi aiki, da yamma kowa ya koma gida. Guminsu yana cikin abin da aka tara, amma da aka zo rabo ba a sa su cikin ƙidaya ba. Tuwon da mutum goma suka tuƙa aka raba wa shida a takarda, dole malmala ta yi girma.

Ta biyu, me kuɗin ke iya saye? Wanzamin da ke ƙarƙashin bishiya a Maraɗi da mai shagon aski a Luksamburg kai ɗaya kowannensu ya aske, amma kuɗin da na biyun ya karɓa ya ninka na farko sau da yawa. Idan aka juya komai zuwa dala, aikin talakanmu sai ya ƙanƙance. Shi ya sa masana ke sake awon bisa ƙarfin sayayya, sai tazarar ta ragu. Ga kuma geron da manomi ya zuba a rumbu don cin gida, wanda kintatarsa kawai ake yi.

Ta uku, wa rabon ya isa hannunsa? Ikwatoriyal Gini ta samu man fetur a shekarun 1990, mutanenta kaɗan ne, har ta hau sahun gaba a Afirka a wannan jadawali, alhali dubban gidaje ba su da ruwan sha mai tsabta.

Sai dai ko an yi duk gyaran nan, tazarar Luksamburg da Nijar tana nan da girmanta, kuma ruwa ba ya tsami banza. A ƙarni na 19 Luksamburg ƙasar manoma matalauta ce, 'ya'yanta na yin ƙaura zuwa Amurka neman abinci. Tamar da aka samu a kudancinta ta haifar da masana'antun ƙarfe, aka kafa kamfanin ARBED a 1911. Da kasuwar ƙarfe ta faɗi a shekarun 1970, bankuna da harkar zuba jari suka ɗauki nauyin, domin akwai doka tabbatacciya da ma'aikata masu ilimi da harsuna uku a bakinsu.

Abin da ya kamata ɗalibin tattalin arziki ya auna shi ne amfanin da aikin sa'a ɗaya ke haifarwa. Manomi mai fartanya a Damagaram ba rago ba ne. Ruwan ban-ruwa, taki, hanya da makaranta ne suka yi masa ƙaranci. Can ya kamata bincikenku ya dosa.