ABIN DA ƊALIBANMU SUKA GANI A ƘASAR GIRKA

Jawabin malamin da ya raka ɗalibai, a taron dattawa da iyaye

Kun ba da kuɗinku, kun yi azumi da addu'a domin wannan tafiya, saboda haka hakkinku ne ku ji abin da aka je aka yi. Na kuma san wasu iyaye sun yi tambaya tun kafin a tashi: me zai kai ɗan Kirista kallon kufan gidajen gumaka da wasanni? Tambayar tana kan hanya. Zan amsa ta da wurare uku da muka taka.

Na farko, Atina. A tsakiyar birnin akwai dutse mai suna Akrofolis, a kansa haikalin Fartenon yake, wanda aka gina tsakanin shekara ta 447 da 432 kafin haihuwar Almasihu domin allahiyarsu Atina. Ke nan sa'ad da Manzo Bulus ya iso, ginin ya kusa shekara 500 a tsaye. A gindinsa akwai wani ƙaramin dutse mai santsi, shi ne Tudun Arasa na Ayyukan Manzanni sura 17. Nan yaranku suka zauna muka karanta surar. In ka ɗaga kai daga wurin, haikalin ne bisa kanka. A irin wannan inuwa Bulus ya nuna wa masanan birnin cewa Mahalicci ya fi ƙarfin ginin hannun mutum. Amma ku lura, bai zage su ba. Ya zaga garinsu, ya duba bagadansu, ya san abin da mawaƙansu suka faɗa, da shi ya buɗe magana. Wasu suka yi masa ba'a, kaɗan suka ba da gaskiya, cikinsu akwai Diyonisiyas da wata mace Damaris. Yau hanyar da ta bi gindin Akrofolis sunan Diyonisiyas take ɗauke da shi, wadda ta haɗe da ita kuma sunan Bulus. Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu, wannan darasi namu ne: sanin maƙwabci da girmama shi ba ya rage bangaskiya.

Na biyu, Koranti, kimanin kilomita 80 yamma da Atina. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a can, yana ɗinkin alfarwa tare da Akila da Bilkisu. A tsohuwar kasuwar muka ga dakalin shari'a da ake kira Bima, inda ake ganin a nan aka gurfanar da shi gaban Galiyo. Wani rubutu a kan dutse da aka tono a Delfi ya nuna Galiyo ya riƙe mulkin Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52. Ɗalibai suka ga ashe abin da suke karantawa a makarantar Lahadi yana da gari, da kasuwa, da shekara. Kusa da Koranti kuma akwai Istimiya, inda ake babbar gasa duk bayan shekara 2. Shi ya sa da Bulus ya yi misali da tsere da dambe a 1 Korantiyawa sura 9, masu sauraronsa ba su buƙaci fassara ba. Sun san rawanin da ake ba gwani na ganye ne, kwana kaɗan ya bushe.

Na uku, Olimfiya, inda lissafin gasar Olimfik ya faro a shekara ta 776 kafin haihuwar Almasihu. Filin tseren yana nan, tsawonsa kamar mita 192, da duwatsun da ake taka ƙafa a tashi. Yaranku, maza da mata, sun jeru a kansu sun yi gudu. Abu biyu suka riƙe. Ɗaya, ɗan wasa sai ya rantse ya yi wata 10 yana horo kafin a bar shi ya shiga. Biyu, a bakin ƙofar filin akwai jerin gindin gumaka da aka yi da kuɗin tarar waɗanda aka kama da maguɗi, domin duk mai shiga ya gani ya ji tsoro. In mutanen da ba su san Allah na gaskiya ba sun ƙi maguɗi haka, ina ga ɗanmu a ɗakin jarrabawa?

Game da wasanni, sun gwada jifan faifai, da jifan mashi, da tuƙin ƙaramin kwale-kwale a teku. Wasu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. An sa musu rigar kariya, aka haɗa su bibbiyu. Nan da nan suka gane in kowa yana tuƙa nasa, kwale-kwalen zagaye kawai yake yi. Wata yarinya da ta ƙi shiga da safe, ita ce ta riƙa ƙarfafa wasu da yamma. Da samarinmu suka ji 'yan damben Helenawa suna naɗe hannu da fata, sai dariya, suka ce ai wannan sun san shi a gida.

Iyayena, ga roƙona. Ku zauna da yaran nan ku tambaye su abin da suka gani, kada hotuna su ƙare a cikin waya. Dattawa, a ba su fili ran Lahadi su yi bayani ga 'yan'uwansu da ba su samu zuwa ba. A kuma daina ganin motsa jiki kamar shiririta, har ga 'yan mata. Yaron da ya saba tashi da asuba domin horo, tashi domin addu'a ba zai yi masa wuya ba. In kuma tafiya irin wannan ta sake tasowa, mu fara tanadi da wuri, domin ɗan gwauruwa da maraya su ma su samu shiga.