Tsohon kanel a cikin sabuwar waya

 

Yau kan wayar da ke aljihunku za mu tsaya. Ko Tecno ce, ko Itel, ko Samsung, muddin Android ce, can ƙasan manhajarta akwai wani abu da ake kira kanel. Ba kanar na soja ba fa! Shi ne ke haɗa manhaja da ƙarfen waya: batir, allo, kyamara, ma'ajiya. Sunansa Linux. Linus Torvalds, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, shi ya fara shi a 1991, kuma har yau a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara.

Duk bayan mako 9 ko 10 sabon Linux ke fitowa. To amma masu haɗa shi da sauran manhajoji su raba wa jama'a, ba halinsu ɗaya ba. Arch da Fedora masu hanzari ne, da ya fito ba sa daɗewa sun ɗauka. Debian kuwa sai ta jira. Linux 6.1 ya fito a Disamba 2022, Debian 12 ba ta fito da shi ba sai Yuni 2023, kuma a kansa ta zauna. Red Hat ta fi kowa: a 2019 ta ɗauki 4.18, ta yi alkawarin kula da shi shekara 10.

Makiyayi ya san dalili. Wa ke sayo sa a kasuwa yau, ya tura shi cikin garke yau? Sai an ware shi kwanaki, a ga ko yana tari, ko yana ɗingishi. A Oktoba 2022 an gano Linux 5.19.12 na iya lalata allon wasu kwamfutocin hannu masu Intel. Masu hanzari ne suka gamu da shi, masu jira kuwa labari kawai suka ji.

Sai dai kada a ce jira ba ya da nasa ciwon. A Disamba 2023 wani gyara da aka ɗora wa tsohon 6.1 ɗin ya zo da cuta mai iya ɓata bayanan da aka ajiye, har Debian ta dakatar da fitowar 12.3, ta gyara, ta fito da 12.4. Kuma wanda ya sayi sabuwar kwamfuta wani lokaci sai ya tarar tsohon kanel bai ma san kayan cikinta ba.

To ina ruwan mai fatauci da wannan? Wayar nan ita ce littafin bashinka, ita ce muryar dillalinka a WhatsApp, da ita kake jin kuɗi sun isa gida. Android ma tsarin masu jira take bi: kanel mai dogon zango take ɗauka, kuma yawanci a kan zubin da wayarka ta zo da shi za ta tsufa, faci kawai ake yi masa. Saboda haka in ka shiga saiti, wajen bayanin waya, ka ga lambar kanel tsohuwa, kada ranka ya ɓaci. Abin dubawa shi ne kwanan watan facin tsaro. In ya shekara biyu bai motsa ba, kamfanin ya saki wayar ke nan, ni dai ba zan bar harkar kuɗi a cikinta ba, komai kyan allonta.

Facin tsaro in ya zo, a karɓa. Babban sauyi na Android gaba ɗaya kuwa, kada a taɓa shi daren tafiya. A yi shi a Sabha ko Agadas, inda akwai intanet da mai gyara, batir cike, bayan an kwafe lambobi da lissafin bashi a takarda. Sannan a ba wayar kwana uku ana aiki da ita kafin a hau mota, don in ta ƙi tashi tsakanin Tumo da Dirku babu shagon da za a kai ta.