Jawabi Ga Manoman Auduga A Kan Tsare Ruwan Sha

 

Yau ba zancen iri ko taki ya tara mu ba, zancen rijiya ne. Gona kowa da tasa, amma rijiya ta gari duka ce. In mutum ya ɓata gonarsa, shi kaɗai ya yi hasara. In kuwa ya ɓata rijiya, to, ya taɓa kowane gida, har jaririn da ke goye.

Abokan gaban ruwan sha iri biyu ne, kuma lalle ku rarrabe su, don maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan kome.

Na farko shi ne ƙazanta. Cikin kashin mutum da na dabba akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. In ruwan sama ya kwashe su ya zuba a rijiya ko tabki, su ne ke kawo zawo, da atuni, da amai da gudawa. Waɗannan suna da magani. A tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, sai su mutu. Ko kuwa a tace shi, a jefa ƙwayar Aquatabs yadda takardarta ta faɗa, a dakata rabin awa kafin a sha.

Na biyu shi ne maganin ƙwarin da muke fesa wa auduga. Ku saurara da kyau. Wannan guba ce. Tafasawa ba ta kashe guba. Tacewa ba ta fid da ita, ƙwayar tsabtace ruwa ma haka. Ruwa ya kan yi garau a ido, alhali akwai ajali a ciki. Saboda haka dabara ɗaya ce tak: kada a bari ta shiga.

Kada ku ɗauka tsoratarwa ce. A daminar 1999 zuwa 2000, a jihar Borgu ta ƙasar Benin, nan maƙwabtanmu, wani maganin auduga da ake kira endosulfan ya kashe aƙalla mutum 37. Da yawansu ba wajen feshi suka gamu da shi ba, a cikin abinci suka ci. Kwamitin ƙasashen Sahel mai duba magungunan ƙwari ya hana shi a 2007, kuma a 2011 ƙasashen duniya suka yarda a daina yinsa. Don haka in ɗan kasuwa ya kawo muku magani ba takarda a jiki, ba lambar izini, ku bar masa abinsa kome arharsa. Ku duba launin da ke gindin takarda: ja shi ne mafi haɗari.

To, ga ka'idodin da muke roƙon garin nan ya riƙe.

1. Kada a dama magani a bakin rijiya, ko famfo, ko tabki. A ɗebi ruwa da bokiti na musamman a kai gona, can za a dama.

2. In bidon magani ya ƙare, a ɗauraye shi sau uku, kowane ɗauri a juye cikin famfon feshi, a fesa a gonar auduga. Sa'an nan a huda gindinsa, a ajiye inda yara ba su kai, har malamin gona ya faɗi inda za a tara su. Mun sani bido abu ne mai kyau, mai gida ya kan ji nauyin huda shi. Amma roba tana shan magani, kome wanki da sabulu da toka ba ya fita sarai. Kada a zuba masa ruwa, ko nono, ko fura, ko mai.

3. Kada a wanke famfon feshi ko tufafin feshi a tabki ko gulbi. Mai feshi ya yi wanka da sabulu kafin ya taɓa randa ko moɗa.

4. Salga da turken dabbobi da juji su yi nesa da rijiya da mita 30, wato kamar taku arba'in, kuma su kasance ta gangare.

5. A ɗaga bakin rijiya, a dafe kewayenta da siminti, a yi mata murfi da shinge. Guga da igiya a rataye su, kada a yar a ƙasa.

6. A gida a rufe randa, moɗa ɗaya ta ɗiba, ba a sha da ita.

In wani ya fara jiri, ko amai, ko dalalar miyau, ko makyarkyata bayan feshi, a tuɓe masa tufafi, a wanke jikinsa, a kai shi likita nan da nan tare da takardar maganin. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai da gangan.

Dokar ruwa ta Nijar, wadda aka kafa a 2010, ta ce kowane ɗan ƙasa yana da hakkin samun ruwa, ta kuma hana gurɓata shi. Amma doka tana kan takarda, ma'aikacin gwamnati kuwa ba ya kwana a bakin rijiyarku. Ku ne masu gadi. Ku ƙarfafa kwamitin rijiya, ku sa mata a ciki, don su ne ke ɗiba kullum, su ne za su fara jin in wari ko ɗanɗano ya sāke. Ran da aka ji haka, a rufe rijiya, a sanar da maigari da ma'aikatan ruwa, kada a sha sai sun auna.

Dattawa sun san kurkunu, yadda ya kan kwantar da ƙato tsakiyar damina, gona ta cika da haki. Ba allura ce ta kore shi ba. Tace ruwa ne, da hana mai kurkunu shiga tabki, gari bayan gari, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi. Jama'ar da ta iya wannan, huda bido ba zai gagare ta ba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin amfaninta. Wassalam.