Kafin ka koma kan babur, tsaya ka yi shawara

 

Maganarmu ta yau a kan babur take, wanda wasu ke ce wa moto. Akwai mutane da yawa cikin garuruwanmu da suka hau babur a zamanin ƙuruciyarsu, sannan suka aje. Wani nashi ya mutu, bai sami kayan gyara ba. Wani ya sayar a shekarar yunwa, ya sayi hatsi. Wani ya tafi bida, ya daɗe bai dawo ba. Yanzu an sami ɗan hali, ana son a sake saye. Wannan abu ne mai kyau. Babur yana kai mutum kasuwa, yana kai shi gona mai nisa, yana kai maras lafiya likita cikin dare. Amma kuɗin babur kuɗi ne masu nauyi. Sau da yawa sai an sayar da sa, ko albasar shekara guda, ko an haɗa da abin da ɗa ya aiko. Bayan kuɗi kuma akwai rai. Saboda haka mu yi lissafi tare.

Babur na jiya da babur na yau

Dattawa sun san Mobylette. A Faransa ake ƙera ta tun 1949. Tana da feda kamar keke, ba ta da giya, ana haɗa mata esanshi da mai a zuba tare. Nauyinta bai kai rabin buhun gero ba. In ta ƙi tashi, sai ka tuƙa ta da ƙafa. An daina ƙera ta a Faransa a 2002. Wasu kuma sun hau Yamaha, ko Suzuki, ko Honda, ƴan ƙasar Japan.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, ta ragu da rabi. Duk abin da ake kawowa daga waje ya yi tsada, har da babura da kayan gyaransu. Bayan shekara ta 2000 sai baburan ƙasar Sin suka shigo da araha, irin su Kasea da Haojue. Na Indiya ma suka zo, irin su Bajaj da TVS. Su ne suka cika kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Za ku ga lamba a jikin babur: 50, ko 110, ko 125, ko 150. Lambar nan tana faɗin girman cikin inji. Mobylette tana ajin 50. Mai lamba 125 ya fi ta ƙarfi wajen sau biyar. Nauyinsa ya zarce buhun gero mai tiya 40. Mobylette tana gudun kilomita 45 a awa, shi kuwa yana iya ninka wannan. Wanda ya saba da jaki, in an ba shi ingarma, ba ya sakin linzami ranar farko.

Ga wani abu da ke kada mutane. A Mobylette, birki biyu duk a hannu suke. A babur mai giya kuwa, abin matsawa na hannun hagu shi ne ambiriyaji, mai raba inji da ƙafar baya. Birkin gaba yana hannun dama. Birkin baya yana ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Ranar da akuya ta gitta maka, hannunka zai yi abin da ya saba tun da. Ka matsa hagu kana zaton birki ne, babur kuwa ya ci gaba da tafiya. Kuma shigar giya ba iri ɗaya ba ce ga dukan babura. Ka tambaya kafin ka hau.

Mahayi ma ya sake

Babur ya sake, hanya ta sake, kai ma ka sake. Jiki magayi ne. Wanda ya aje hawa yana ɗan shekara 30, ya dawo yana ɗan 55, kada ya ce har yanzu shi ne na da. Ido yana raguwa. Hasken fitilar mota yana kashe ido da dare fiye da da. Wuya ba ya juyawa da sauri. Ƙashin babba kuma, in ya karye, yana daɗewa bai haɗe ba.

Kafin ka je kasuwar babura, ka fara biyawa ta likita. A duba maka ido. In akwai yana, ana cire ta. In tabarau ne, ka sa abinka, babu kunya. A auna maka hawan jini. Mai yawan jin jiri, ko mai faɗuwa, ya gaya wa likita gaskiya, ya bi shawararsa.

Wane aiki zai yi maka?

Kada ka zaɓi babur don fentinsa, ko don maƙwabcinka ya sayi irinsa. Ka tambayi kanka: ina zan riƙa zuwa? Hanyar gudron ce, ko jar ƙasa, ko rairayi? Ni kaɗai zan hau, ko da goyo, ko da kaya?

In cikin gari ne, ko tsakanin ƙauye da gari a hanya mai tauri, mai lamba 110 ya isa. Akwai irin da ba shi da ambiriyaji a hannu, sai dai ka taka giya da ƙafa. Tsakiyarsa a buɗe take, ba sai ka ɗaga ƙafa sama ba. Wasu suna ce masa babur ɗin mata. Ku bar wannan zance. Dattijo mai ciwon gwiwa, da mai babbar riga, wannan shi ya fi dacewa da su.

In hanyarka rairayi ce, kuma za ka riƙa ɗaukar kaya, ka duba mai lamba 125. Da yawansu an kwaikwayi injinsu daga Honda CG125, wanda aka fito da shi a 1975 don ƙasashen da hanyoyi ke da wuya, masu gyara kuma ba su da yawa. Inji ne mai sauƙin gyara. Mai lamba 150 ya fi ƙarfi, amma ya fi nauyi, ya fi sha. Wanda ya daɗe bai hau ba, kada ya fara da shi.

Ga gwaji guda uku da kowa zai iya yi a gaban mai sayarwa. Na ɗaya, ka zauna a kai. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa sosai. Na biyu, ka tura shi taki goma, ka juyo da shi, ka ɗora shi bisa jak. Na uku, ka karkata shi kaɗan, ka ji nauyinsa. In ka ga ba za ka iya tada shi kai kaɗai ba in ya faɗi cikin daji, ka bar shi.

Mutumin karkara ya lura da abu biyu. Babur ya zama yana da abin tayarwa na ƙafa, ko da yana da maɓalli, don batir yana mutuwa. Ƙafafunsa kuma su zama masu waya irin na keke. In sun lanƙwashe ana miƙe su. Na zubi kuwa suna iya tsagewa in sun bugi rami.

Tambayi mai gyara kafin mai sayarwa

Mai sayarwa zai ce maka kowane babur nashi ƙarfe ne. Mai gyaran garinku shi ya san wanda ke yawan zuwa hannunsa. Ka tambaye shi wane iri ya iya gyarawa. Ka tambaye shi wane iri ake samun bujinsa, da sarƙarsa, da tayarsa, da fatar birkinsa ranar kasuwa. Babur ɗin da sai an je Yamai ko Kano neman kayansa zai kwana wata guda a zaure, kaji suna hawa.

Sabo ko na hannu?

In sabo ne, ka sani yawancinsu a cikin kwali suke zuwa, a nan ake haɗa su. Ka sa mai gyara ya bi ƙusoshin duka ya ɗaure. Kada ka ba sabon inji wuta sosai. Ka juye mansa na farko da wuri, tsakanin kilomita 500 da 1000.

In na hannu ne, araha ba ta ado. Ka tafi da mai gyara naka, wanda ba abokin mai sayarwa ba. Ku je da safe, inji yana sanyi. In kun tarar an riga an ɗumama shi, ku tambayi dalili. Ku dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi a irin baburan nan na yanzu alama ce inji yana cin mai. Ku dubi ƙashin babur, ko an taɓa yi masa walda. Ku dubi haƙoran da sarƙa ke bi. In sun yi tsini kamar ƙaya, sun ƙare. A jikin taya da yawa akwai lamba huɗu masu faɗin ranar ƙira. Misali 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Tsohuwar taya, ko ba ta suɗe ba, tana bushewa, tana tsagewa.

Takardu

A nan karatu yake rana. Kowane babur yana da lamba da aka buga a ƙashinsa, kusa da wuya, da wata a jikin inji. Ka karanta su da idonka, harafi bayan harafi. Ka gwada da abin da ke cikin takarda. In ba su yi daidai ba, ko ka ga alamar an goge, ka riƙe kuɗinka ka tafi. Baburan sata suna ƙetare iyaka. Ranar da jandarmomi suka kama, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, kai kuma kana tsare.

Ka karɓi takardar saye da takardar duwan. In na hannu ne, a rubuta takardar ciniki gaban shaidu, kowa ya sa hannu. Ka yi kart giriz da sunanka, a sa lamba a baya. Ka biya asiransi. Ka nemi permi na babur. Kuma ka tambayi hukuma ko an yarda da hawa a inda za ka. Saboda rashin tsaro, an hana hawan babur a jihar Difa a 2015, da wasu sassan jihar Tilaberi a 2020.

Kuɗin da ke bayan kuɗi

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban. Mai lamba 125, in yana da lafiya, yakan yi wajen kilomita 40 da litar guda. In tsakaninka da kasuwa kilomita 20 ne, zuwa da dawowa litar guda ke nan. In kana zuwa sau uku a mako, ka sha litar 12 a wata. Ka ƙara kuɗin mai, da faci, da taya. Tun 2011 muna da matatar Soraz kusa da Damagaram. A 2023 kuma Najeriya ta janye tallafin mai, na kwalba ya daina arahar da aka san shi da ita. In dole ka sayi na kwalba, a tace maka shi da ƙyalle.

Kada ka kashe kuɗin duka a kan babur. Ka raba su uku: na babur, na takardu da hular kwano, da na ajiya don gyara. In kuɗin ba su isa haka ba, ka sayi ƙarami, ko ka jira kaka. Kada a taɓa rumbun cimaka saboda babur.

Hular kwano

Hular kwano, wadda ake ce wa kaski, a sayo ta rana ɗaya da babur. Hukumar lafiya ta duniya ta ce tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100. Rawani da hula ba su tare dutse. Ka zaɓi wadda ta kama kanka, ka ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi. Wanda ka goya shi ma kai gare shi. Ka sa takalmi rufaffe. Ka tattara babbar riga ka zauna a kai. Iyayenmu mata, ku tattara zane da mayafi. In sarƙa ta kama bakin mayafi, wuya take ja.

Sake koyo

Ranar da babur ya iso gida, kada ka hau gudron. Ka tafi fili, inda babu yara, babu dabbobi. Ka yi mako guda kana koyon tashi, da juyawa, da tsayawa. A ƙasa mai tauri ka kama birki biyu tare, a hankali. Na gaba shi ya fi tsayarwa. Cikin rairayi kuwa, in ka damƙe na gaba, faɗuwa za ka yi. Kada ka goya kowa sai hannunka ya faɗa.

Ku riƙe wannan lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin wajen mita 17 kafin ya ce «ɗaya». In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata yana ninkuwa sau huɗu. Sauri ya haifi nawa. Ka rage tafiyar dare, don amalanke da jaki ba su da fitila. Da damina, kada ka shiga korama tana gudu. Da hunturu, ka yawaita wanke matatar iska, don ƙura tana cinye inji. Tramol da duk abin da ke juya hankali, a nisance su.

Jama'a, abin da nike roƙonku shi ne ku kai wannan magana gida. Wanda ke shirin saye ya zauna da iyalinsa da mai gyara, su yi lissafin a takarda. Ɗan da ya aiko wa mahaifinsa kuɗin babur ya haɗa da kuɗin hular kwano. Wanda ya iya karatu ya raka wanda bai iya ba, ya karanta masa lambobi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu tattauna.

 Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.