Gadon Kara da Erojel



Kun san gadon kara. Yaro ma yana ɗaukarsa, amma ƙato ya kwanta bisansa bai karye ba. Ku fasa karan dawa ku duba. Bawonsa tauri gare shi. Cikinsa kuwa totuwa ce, 'yan ramuka cike da iska. Ita ke tokare bawon daga ciki kada ya lotsa.

To, a Amurka, a 1931, wani masani, Samuel Kistler, ya haɗa wani abu mai irin wannan ciki. Sunansa erojel. Kusan dukansa iska ce. In kun gan shi sai ku ce hayaƙi ne ya daskare. Guntunsa mai nauyin giram 2 ya ɗauki tubali mai kilo 2 da rabi. Ku lissafa: ya fi ninkin nauyinsa sau 1,000!

Amma fa sai an aza kayan a hankali, nauyin ya bazu ko'ina. In aka danna shi da ƙarfi wuri guda, sai ya farfashe kamar kwalba. Gadon kara ma, wanda ya taɓa taka shi da dunduniya ya san abin da ya biyo baya.