Wane Aji Za Ka Riƙe?



Duk shekara idan na fita duba ɗalibai a wurin gwajin koyarwa, roƙo ɗaya nake sha: "Malam, don Allah a mai da ni sakandare." Har yau ba a samu wanda ya tare ni ya ce a ba shi aji ɗaya na firamare ba. Dalili ba ɓoyayye ba ne. A idon jama'a, mai koyar da manya shi ne malam, mai 'yan aji ɗaya kuwa raino yake yi.

Amma takardar NCE da kuke shirin karɓa, ilimin tushe aka yi ta domin shi, wato shekara 9 ɗin nan da dokar UBE ta 2004 ta wajabta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. A nan yawancinku za ku yi zaɓi.

Ni da aji ɗaya na fara, ba da son raina ba. Hedimasta ya ga sabo ne, ya jefa ni can, kamar yadda ake yi wa duk wanda ba shi da bakin magana. Ga yaro ya damƙe fensir kamar muciya. Ga wani ya faro rubutu daga dama, don haka ya saba a makarantar allo, kuma ba laifi ya yi ba. Wata tana kuka an ɗauke mata takalmi. Na shafe zango guda ina faɗa suna amsawa, har makwabta sun haddace baƙaƙen. Ranar da na ɗora sanda a kan harafi guda a tsakiyar allo na ce wane ne wannan, sai ajin ya yi tsit. Ashe waƙa na koya musu. Raba b da ɓ, ko k da ƙ, a kunnen ɗan shekara 6 da kuma hannunsa, ya fi duk wani darasi da na koyar daga baya wuya. Shi ya sa nake ganin ganganci ne a riƙa bar wa sabon shiga wannan aji ba tare da mai riƙe masa hannu ba.

Aji huɗu ma ku lura da shi. Nan aka daɗe ana sauya harshen koyarwa zuwa Turanci, nan ne kuma yaron da bai iya karatu ba yake fara laɓewa a bencin baya.

Ƙaramar sakandare gajiyarta daban. Darasi ɗaya ka riƙe, amma a azuzuwa da yawa, ka kwana kana makin takardu, sunayen rabin yaran ma ba ka sani ba. Ga masu tashen balaga da za su gwada ka tun makon farko, su ga iya ruwanka.

Saboda haka tambayi kanka: wace gajiya kake iya kwana da ita ka tashi gobe ka koma? Na san wani zai ce ai ba a tambayar mu, takardar tura mu aiki kawai ake miƙo mana. Gaskiya ne, makaranta hukuma ke zaɓa. Rabon azuzuwa kuwa a ofishin hedimasta ake yin sa, kuma ana sauraron mai roƙo. Kafin ka shiga wurinsa, nemi izini ka zauna a bayan aji ɗaya yini guda cur, tun daga taron safe har a buga ƙararrawar tashi, washegari ka yi haka a aji shida.